Wa Ya Zuba Ruwan?

A rani na shekarar 2006 aka kira taron malamai a Kano, kan koyar da yara da harshen uwa. Malam Maharazu, hedimasta mutumin Bunkure da ke ƙaro karatu a Zariya, yana cikin waɗanda aka gayyata. Yana tsaye bakin titi a Zariya yana jiran mota bayan la'asar, sai wata tsohuwar fijo ta tsaya gabansa. Direban ya leƙo yana tambayar hanyar Kano da Turanci. Mista Effiong ne, malamin kwaleji daga Kalaba, kwana biyu ke nan yana tuƙi, kuma taron nan za shi.

"Shigo ka zama idona," in ji Effiong.

Tafiya ta yi daɗi. Maharazu ya ba shi goro, ya gatsa ya yamutsa fuska, suka yi ta dariya. Effiong ya yi ta mamakin ganin shinkafa kore shar a ƙasar da aka ce masa hamada ce.

Kusa da Kadawa suka tarar tirelar tumatir ta kife ta tare titi, motoci sun yi layi iya ganin ido. Da ƙarfe bakwai za a rufe rajista. Maharazu ya ce ya san hanyar bakin kanal ɗin ban ruwa da ke ɓullewa bayan Kura, tun yana yaro yake bin ta. Suka sauka daga kwalta.

Hanyar ta fi yadda ya san ta lalacewa. Rana ta yi ja. Manoma duk sun tashi, ba ka jin komai sai kwaɗi da gurgurar ruwa a kwalbati. Iska na kawo warin laka da na ganyen albasa. Daidai wata tsamiya motar ta fara tururi, ta yi tari, ta mutu.

Effiong ya ɗaga bonet. Maharazu ya duba waya, babu sabis. Ya gangara bakin ruwa ya yi alwalar magariba. Yana shafar kai ya ji ƙarar sifana, ya waiwaya. Baƙon ya durƙusa, ya kwance ƙasan lagireto don ya zubar da tafasasshen ruwan ya sa na kanal.

"Yallaɓai, tsaya! Ba a zubar da ruwan zafi war haka!"

Ruwan ya riga ya tsiyayo. Ƙasa ta yi cuuu.

Sai aka tsala ihu. Ihun jariri, daga ƙarƙashin motar.

Kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya.

Effiong ya haska tocila ƙarƙashin motar. Babu kowa sai jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma wari ya taso, irin na fatar da aka babbake.

"Malam," ya ce cikin raɗa, "ka ji abin da na ji?"

Maharazu ya juya. Idonsa na kan shinkafa. Tana rabewa biyu, a hankali, daga tsakiyar gona zuwa inda suke, alhali iska ta ɗauke.

Mace ce ta fito. Doguwa ƙwarai, lulluɓe da baƙin zane. Ta ratso gona mai ruwa, amma gefen zanenta a bushe yake. Ta sunkuya ta zura hannu ƙarƙashin motar. Hannun ya yi ta shiga, ya wuce tsawon hannun mutum. Ta jawo wani abu ta rungume, kukan ya koma shessheƙa.

Maharazu ya kama ayatul kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi, ya kasa wuce farkonta.

Ta juyo. Bai ga fuska ba, duhu kawai ya gani cikin lulluɓin. Muryar kuwa a cikin kunnensa ta yi magana, da Hausa tsantsa.

"Wa ya zuba ruwan?"

Ya tuna 'ya'yansa huɗu.

Ya ɗaga hannu ya nuna baƙonsa.

Effiong bai gani ba, kansa na sunkuye. Ya zube bisa gwiwoyinsa yana magana da yarensu, hawaye na zuba, yana dukan ƙirjinsa. Matar ta matso, ta ɗora yatsu uku a bayan hannunsa na dama.

Ya ƙwalla ƙara.

Daga can wani ƙauye mai nisa ladan ya ɗaga murya. Maharazu ya ƙifta ido, ya ga babu kowa gabansu. Kwaɗi suka dawo da kuka.

Ya ja Effiong suka bar motar a buɗe. Gudu suke suna faɗuwa, har wani mai babur ɗauke da buhun albasa ya tsince su ya kai su Kura. Mai kemis ya duba hannun ya ce ƙunar ruwan zafi ce, sawu uku a jere, har nama.

Washegari Effiong ya gabatar da takardarsa da hannu a naɗe. Da aka fita shan shayi ya zauna kusa da Maharazu.

"Da harshen Efik ta yi min magana," in ji shi. "Cewa ta yi, wa ya biyo da kai ta hanyar nan? Ka nuna min shi in ƙyale ka. Na ce mata ni na kawo kaina. Yaya zan ba da mutumin da ya taimake ni?" Ya yi murmushin ƙarfin hali. "Kai fa, Malam, me ta ce maka?"

Maharazu ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Ban ji komai ba," ya ce.

Shekara uku Effiong yana aiko masa da katin gaisuwa duk sallah, da rubutu karkatacce na hannun hagu. Maharazu bai taɓa iya mayar da amsa ba. Abokan aikinsa kuma sun lura ya daina nuna ɗalibi da yatsa a aji. Ko tambaya zai yi, sai dai ya kira suna.