Fayil Bakwai a Kan Keken Ɗinki

Umma tana ɗinki a falo ranar da 'yarta Auta ta faɗa mata sunan gidan su saurayin da ke nemanta. Sunan tsohon shugaban ƙasa ne, shi ne kuma a rubuce a ƙofar jami'ar da saurayin ke aiki. Umma ba ta tambayi komai ba. Da dangi suka fara cewa Auta ta yi babban kamu, murmushi kawai ta yi ta ci gaba da taka keke.

Kafin wata ya ƙare fayil bakwai sun taru a kan keken nan, kowa yana so a sama wa ɗansa gurbin karatu. Na sama na Kawu ne, wanda ke madadin uba tun rasuwar mahaifin Auta. Ya ce ba zai sa ranar aure ba sai ɗansa ya samu admishan.

Saurayin ya zo gaisuwa, yatsunsa duk gam, don aikinsa ɗinke littattafan da suka yage a laburare. Ya ce kakansa mai haƙar rijiya ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, ko masinjan ofishin ɗaukar ɗalibai bai san shi ba. Umma ta roƙe shi ya karɓi takardun, ya riƙa cewa ana dubawa har a ɗaura aure.

"Ki yi haƙuri, Umma," ya ce. "In na shigo gidan nan da ƙarya, da wane ido zan kalli Auta?"

Auta tana kuka ta ce, "Ke kika jawo, Umma. Kina ji ana ta zuzutawa kika yi shiru."

Washegari Umma ta bi gida-gida tana mayar da fayil da hannunta.

"Sannu, surukar shugaban ƙasa," in ji Kawu, ya rufe ƙofarsa.

Wata bakwai bai taka gidan Umma ba. Saurayin bai fasa gaishe shi a hanya ba, har ya nuna masa cewa lissafi ne ɗansa bai ci ba, sai ya sake jarrabawa. Kawu ya ce wa ya tambaye shi? Amma ya sa ɗan ya sake, ya kuma samu shiga da sakamakonsa.

Ranar da Kawu ya zo, bango yake kallo. "A kira mini mai gam ɗin nan," ya ce, "mu sa rana."

Iyaye mata, mu ji tsoron Allah. In an zuzuta abin da ba mu tabbatar ba, mu buɗe baki tun da wuri. Ba don gaskiyar yaron nan da haƙurinsa ba, da murmushi ɗaya ya raba Auta da mijin kirki.