Shafin Bakin Gudron

"A bakin titi zan ji, Hamida? A bakin titi?!"

Hamida ta ɗago daga kan tukunyar miya, ludayi a hannunta. Mijinta Misbahu ne tsaye a ƙofar madafa, ko hular kwano bai cire ba. A Mayahi yake koyarwa, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, wato malam, sai ranar Juma'a yake hawo babur ya dawo Tasawa, kuma kullum da dariya yake shigowa. Yau babu ita.

"Mi ya faru, Mushe? Yi a hankali, akwai mutane..."

"Na tsaya shan esans a gidan mai, sai ga Madam Asma'u ungozoma. Ta ce mini, 'Mushe, yaya mai ciki? Ka ce mata kada ta sake tsallake awo.' Na tsaya ina mata murmushi kamar wawa! Wata nawa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ya shiga na huɗu..."

"Na huɗu!"

"Inna ce ta ce kada kowa ya ji tukuna."

"Ni ne kowa, Hamida?"

Daidai nan babbar motar Damagaram ta danna oda a bakin gudron, babban titin kwalta, fasinjoji suka fara kwararowa, matan da ke mata aiki suna ta ƙwala mata kira. Ta dubi waje, ta dube shi.

"Je ki," in ji shi a hankali. "Su dai kina da amsar da za ki ba su."

*

Gidan abincin na mahaifiyarta ne tun asali. Hajjo ta fara shi da tukunya ɗaya ƙarƙashin dogon yaro, a bakin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Da Hamida ta gama lise, wato sakandare, sai ta karɓa, ta sa rumfar kwano, ta sa tebura da firigo na sanyaya ruwa, har direbobi suka mai da wurin zangonsu.

A lokacin ne ta buɗe shafinta na bulog a intanet, ta sa masa suna Bakin Gudron. Tsakanin mota da mota take rubutawa a waya, a tsaye, yatsunta na ƙanshin albasa. Ta rubuta labarin tsohuwar da ta ƙi a sa zakaranta a but, ta riƙe shi a cinya har Tasawa. Ta rubuta yadda ake gane yakuwar Korgom tun daga nesa. Wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Faransanci, wani lokaci ta cakuɗa su yadda take magana.

Misbahu a jikin bango ya ga adireshin, ran da ya tsaya cin abinci. Ya shiga ya bar mata magana, wai miyarta ta yi daɗi amma ba ta kai ta Mayahi ba. Ta mayar masa da martani. Gardamar da ba ta ƙare ba ke nan sai a ɗaurin aure.

Da ta samu cikin farko, murna ta fi ƙarfin kunya. Ta saƙa ƴar safa, ta ɗauki hotonta ta sa a shafin, ta rubuta a ƙasa: baƙo na tafe.

Cikin na gab da haihuwa ta faɗi a gaban tukwane, jijjiga ta kama ta. A asibitin Maraɗi ta farfaɗo, ta tarar an riga an gama komai. Mace ce, aka ce mata. Ba ta zo da rai ba.

"Baki ne," in ji Hajjo, tana kuka tana riƙe da hannunta. "Kin shanya abinki a gaban duniya, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Ki yi mini alkawari, ɗiyata. Ke da rubutun nan har abada. Kuma a bar tada zancen, wanda ya tahi ya tahi."

Ta yi alkawari.

Duk wanda ya tambaye ta shafin sai ta ce aiki ne ya yi yawa. Kuma ta tabbatar ya yi yawan. Ta ƙara abincin safe. Ta fara karɓar girkin biki da na taron ma'aikata. Ta buɗe ƙaramar rumfa a tasha. Ta fita tun da asuba, ta dawo ta zube kamar an jefar da zane. Shekara biyu aka yi haka, Misbahu na zuwa yana komawa, hirarsu ba ta wuce ka ci abinci, kin sha magani, Allah ya kiyaye hanya.

*

Wannan karon bai jira Lahadi ba. Asabar da hantsi ya ɗaure jakarsa a bayan babur.

"Ina da kwafin jarrabawar yara da zan gyara," ya ce, bai dube ta ba.

"Mushe..."

Ya tsaya. Ya jira. Ta ga yana jira, ta ga yadda yake son ta ce wani abu, ko mene ne.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce.

Satin nan Hamida ba ta san inda kanta yake ba. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. In waya ta yi ƙara sai zuciyarta ta buga, in ba ta yi ba ma haka. Ta kira shi, suka gaisa, sai shiru ya biyo baya, tana jin numfashinsa yana jin nata, har ya ce rezon waya ba kyau.

Rezo lafiya lau yake, ta sani.

To in ya gaji fa? Namiji ne mai haƙuri, amma ai haƙuri ma yana ƙarewa. In wata rana Juma'a ta zo babu babur? In kuma wannan cikin ma... Sai ta dafe mararta da sauri, ta ja a'uziyya, ta ƙara wa tukunya wuta.

Ta je wajen Hajjo ran Laraba.

"Inna, ya ji haushi. Ya ce shi ba kowa ba ne."

"Zai huce. Namiji in ya ji, abokansa sun ji."

"Ba na iya yi masa magana, Inna. In na buɗe baki sai abin ya tsaya mini a nan." Ta nuna maƙogwaronta. "Da, in abu ya dame ni rubutawa nake, ya karanta, ya gane. Ko za ki bar ni in..."

"A'a!" Hajjo ta ajiye farantin da take tsintar wake. "Ni na ɗauke ki daga ƙasa ran nan, idonki a juye, harshenki na jini. Ni! Kina so in sake gani?"

Me Hamida za ta ce wa uwar da tsoro kawai ke cinta?

*

Ran Alhamis da azahar motoci biyu suka tsaya a tare, ga kuma girkin wani taro ana jira. Tana cikin zuba shinkafa ta ji kanta ya sara. Ta ga wasu ƙananan taurari na yawo a gabanta. Irin na wancan karon.

"Innalillahi... ku kira Inna! Ku kira Mushe!"

A matanite, asibitin haihuwa, Madam Asma'u ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta duba, ta ɓata rai.

"Tansiyon ɗinki ya hau, Hamida, hawan jini ne. Shi ne ya kayar da ke wancan karon, na faɗa miki tun awon farko."

"Yana nan?" in ji Hamida. "Madam, don Allah, yana nan?"

Ungozomar ta goga mata na'ura a ciki. Shiru. Ta matsa gefe. Shiru. Hajjo ta kama ƙarfen gado da hannu biyu, leɓɓanta na motsi. Hamida ta runtse ido, ta ji duniya na juyawa...

Sai ga shi. Dif-dif-dif-dif, da sauri, kamar ƙaramin ganga.

Kuka ya ƙwace mata.

"Yana nan," in ji Madam Asma'u. "Amma in kina son ya zauna, ke ma sai kin zauna. Ba tsayuwa gaban wuta, ba ɗaukar kaya. Magani a kan lokaci. Kuma Hajiya," ta juya ga Hajjo, "damuwa ma tana hawar da jini. Yarinyar nan akwai abin da take haɗiya."

Misbahu ya iso kafin la'asar, alli har yanzu a hannun rigarsa. Ya durƙusa a gefen gadon, ya riƙe yatsunta, idonsa ja wur.

"Sannu, Mida..."

"Yauwa."

Iyakar abin da suka iya ke nan.

*

Aka sallame ta da sharaɗin kwanciya. Hajjo ta ɗaura ɗamara ta koma gaban tukwanenta na da, Misbahu ya nemi izini a lekol ɗin da yake koyarwa ya zauna. Yana ɗebo mata ruwa, yana ba ta magani, yana gyara mata matashi. In ya gama sai ya koma tabarma a ƙofar ɗaki ya buɗe kwafin yara.

Kullum Hajjo ta kawo abincin rana sai ta tarar da gidan tsit. Mutum biyu a ciki, ba ka jin komai sai kaji.

Rannan ta shigo, ta ajiye kwano, ba ta fita ba. Ta daɗe zaune a bakin gado tana kallon ɗiyarta, wadda ta zuba wa silin ido.

"Da can, surutunki har ciwon kai yake sa ni," ta ce.

Hamida ta yi murmushin da bai kai ido ba.

"Ni ban canza ra'ayi ba, baki gaskiya ne. Amma wannan shirun naku ma ban ga alherinsa ba." Ta miƙa hannu ta ɗauko wayar daga kan tebur, ta ajiye mata a ƙirji. "Na yafe miki alkawarin. Sai dai banda na cikin nan, ko da ishara. Kuma ni za ki fara karanta wa, kahin duniya ta ji."

"Inna..."

"Kada ki sa ni kuka, ina da miya a wuta."

Da ƙyar ta tuno kalmar sirrin shiga. Shafin ya buɗe a inda ta bar shi, ƴar safa na nan a sama, a ƙasa kuma tambayoyin mutane sun taru. Baƙo ya iso? Madam, lafiya kuwa? Muna kewar labaran gudron. Ta kife wayar. Ta sake ɗauka. Ta rubuta layi ɗaya ta goge. Ta rubuta wani.

Sai washegari da rana ta gama. Hajjo ta zauna ta gyara mayafi. Labule a sake yake, amma Hamida na ganin inuwar Misbahu a kan tabarmarsa.

Ta fara karantawa.

"Salamu alaikum, mutanen Bakin Gudron. Na ce muku aiki ne ya hana ni rubutu. Aikin gaskiya ne, amma ni na je na nemo shi don in ɓuya a ciki. Baƙuwar da na ce muku tana tafe ta zo, ba ta zauna ba. Ina kwance ban san inda nake ba aka kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba. Kuma ban taɓa tambaya ba, don ina tsoron in na tambaya ba zan iya tashi ba. Akwai mutum ɗaya da ya ɗauke ta a hannunsa. Na bar shi ya riƙe wannan shi kaɗai, kamar ni ce kawai na yi rashi. In yana karantawa, ina roƙonsa ya yafe mini..."

Ta kasa ci gaba.

Hajjo ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Can ta miƙe, ta ɗaga labule, ta kawar da kai gefe saboda kunyar suruki.

"Malam, shigo. Ni na tahi wajen tukwane."

Ya shigo. Hawaye ya jiƙa masa gemu, bai ma damu ya share ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ɗora kansa kusa da hannunta.

"Kullum in na taso daga Mayahi, kabarinta nake fara biyawa," ya ce. "In yi mata addu'a, sannan in zo in yi miki dariya. Na ɗauka in na yi zancenta zan fama miki ciwo."

"Ni kuma na ɗauka ka manta..."

"In manta? Haba, Mida! Haba, masoyiyata!"

Ta sa hannu a kansa. Ta ja numfashi, ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata.

"Mushe... yaya take?"

Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana kallonta.

"Gashi ne da ita, baƙi wuluk, har goshi. Ƴan yatsunta dogaye." Ya kai yatsa ya taɓa hancinta a hankali. "Wannan kuwa naki ne sak. Da na buɗe zanen, ke na gani."

Hamida ta fashe da kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, ya rungume ta, shi ma yana yi. Da ta lafa, ta share ido da gefen zane, ta matsa ta ba shi wuri a bakin gadon.

"Zauna nan," ta ce. "Faɗa mini tun daga farko. Kada ka tsallake komai."