Cinikin Jatau a Fadar Sarkin Kudu

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, da kaka, an yanke dawa ba a kai ga sussuka ba, Ningawa suka tare ayarin fatake a dajin Gwaram. A ranar Hapsatu ta Birnin Kudu ta rasa mijinta Datti, da jakunansa, da kanwar da suka ɗauko. Abu ɗaya ne ya dawo mata: wani tsohon bawa jar fata mai ido kamar na mage, wanda Datti ya karɓa a Kano hannun Larabawan Gadamas. Jatau ake ce masa. Shi ya saɓo gawar ubangidansa har ƙofar gari.

Da fari Hapsatu ta ce bakin ci kawai aka ƙara mata. Ba a yi wata ba ta gane tsohon maƙerin bindiga ne, ya koyi aikin a Tarabulus. Maharba suka fara sallama a zaurenta, ita kuwa tana bayan asabari tana yanka lada, ba ragi ko ga ɗan'uwa.

Wata rana da hantsi Jatau ya sunkuya yana hura wuta, wani abu ya zamo daga wuyan rigarsa. Ƙirare biyu ne a gicciye, an naɗe su da gashin mutum. Hapsatu ta ja da baya, don a ƙasar nan mai sammu ne ke ɗaure ice da gashi.

Ta ce, "Kai Jatau, gashin wa ka ɗaure? In nawa ne faɗi yanzu, kafin in sa maka muciya."

Ya ce, "Uwargida, duba da kyau."

Ta duba. Gashin miƙaƙƙe ne kamar wutsiyar doki. Ya ce na mahaifiyarsa ne. Shi mutumin Gurjistan ne, can gaba da Santambul, ƙasar duwatsu masu farin ƙanƙara a kai. Ubansa shi ke jan alfadarin limaman Nasara masu hawa ƙauyukan tsauni wa'azi. A irin wannan tafiya 'yan hari suka kama shi, gemu bai fito masa ba.

Ta ce, "To me ya haɗa ibada da gashi?"

Ya ce labarin da tsawo. Ta ce furarta ma da tsada, sai dai a yi musaya. Haka aka yi: kullum bayan la'asar ta miƙa ƙwarya, shi ya ba da gutsuren labari.

Ya ce a da mutanensa gumaka suke bauta wa. Sai wata baƙuwa ta iso, baiwa ce, ba doki ba mashi. Ta yanki rassan inabi biyu ta ɗaure da gashin kanta, ta ce alamar Annabi Isa ce. Ta yi wa wani jariri addu'a ya tashi, ta yi wa matar sarki ta warke. Aka aiko mata da zinariya, ta mayar.

Hapsatu ta ce, "Ta mayar? Lallai wannan ba ta taɓa kasa kaya a kasuwa ba!"

Amma washegari ta ƙara nono a furar. Jatau ya ce sarkin nasu ya fita farauta, rana tsaka duhu ya rufe shi. Ya kira gumakansa, shiru. Ya kira Ubangijin baiwar nan, gari ya waye masa. Da ya dawo gida, shi da fadawa da talakawa suka bi ta. Hapsatu ta daɗe tana juya maganar. Ta san sarki da ya ci gari, ba ta taɓa jin baiwa ta ci sarki ba.

Ana haka labari ya zo Ningawa sun ƙone ƙauyukan Gwaram, sun doso Birnin Kudu. Wani maƙeri, Ɗanladi, wanda maharba suka daina zuwa wurinsa, ya je fada ya faɗi. Ya ce baƙon gidan Datti yana ambaton Isa, yana ɗaure asiri da gashi. Ya ce ɗan leƙen asirin Isawa ne, wato mutanen da aka kora daga Kano kan maganar Annabi Isa suka fake a duwatsun Ningi, kuma duk bindigar da ya taɓa ba za ta tashi ran yaƙi ba. A irin wannan lokaci hukuncin ɗan leƙen asiri takobi ne.

Dogarai suka tasa Jatau gaba. Hapsatu ta yafa zane ta bi su, ta durƙusa a bakin soron fada.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in za a yanka akuyar mutum ai a kan tambaye shi."

Sarkin Kudu ya ce Alƙali ya bincika. Alƙali ya juya ƙiraren da bakin sandarsa, ya sa Jatau ya maimaita labarin tun daga fari. Har Madaki sai da ya matso.

Alƙali ya ce, "Matar nan, kafin Manzon Allah ta zo, ko bayansa?"

"Kafin, Allah gafarta malam. Da kusan shekara ɗari uku."

"Ashe daga gunki ta fid da su. Ningi fa, ka taɓa zuwa?"

"Na ga mutanenta sau ɗaya, ran da suka kashe ubangidana."

Aka kawo bindigogin da ya gyara, aka ɗura albarushi a ƙofar fada. Duk suka tashi. Alƙali ya ce wannan Banasare ne mai Littafi, ba ɗan tawaye ba, jininsa bai halatta ba. Ɗanladi ya sulale.

Sai dai wanda ya kuɓuta daga takobi bai kuɓuta daga kwaɗayi ba. Sarki ya dubi tarin matattun bindigogin fada, ya ce ya sayi bawan. Wani bafade ya ce in ya shigo gida sai a tsinke abin wuyansa, a sa shi salla ko yana so ko ba ya so. Jatau ya dafe abin wuyansa. Hapsatu ta gani.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, albarka."

Aka ba ta doki da sirdi, ta ce ina za ta hau. Aka ce bayi biyu majiya ƙarfi, ta ce su iya cin tuwo dai. Madaki ya ce, "Ke, da Sarki kike ciniki!" Ta ce, "Shi ya sa ban yi arha ba, ranka ya daɗe. Kada a ce Sarki ya sayi abin banza." Kwana uku ana kai da kawo, ga maƙiya suna matsowa. Ran na huɗu aka shirya, Jatau ya shiga fada da guduma.

Masu ba da tarihi sun ce Ningawa sun kwana tara a bayan ganuwa, da suka ji harbi ya ƙi ƙarewa suka kwashe dawar gonaki suka koma. Jatau ya rayu shekara bakwai bayan wannan. Bai musulunta ba, ba wanda ya bi addininsa, aka binne shi a gindin dutse, nesa kaɗan da maƙabarta. Mulki na Allah ne, yana juya shi yadda ya so: can Ya karya sarki da hannun baiwa, nan Ya tsare birni da hannun bawan da aka kusa yankawa.

Da Hapsatu ta tsufa, in an tambaye ta nawa ta sallama shi, sai ta gyara zama ta ce, "Takarda na karɓa, da hatimin Alƙali. Bisimillar sama kaɗai na iya karantawa, amma na sa malamai uku sun biya mini, bakinsu ya zo ɗaya. Jatau ɗa ne, ba bawa ba, aiki zai yi wa fada da lada, ba mai taɓa wuyansa. Sai kuma fadamar nan ta Kangire, da ban-ruwanta. Ai ba jiya aka haife ni ba."