Lemun Tsami a Kwalbar Kifi

A unguwarsu, duk yaron da ya isa yana da ɗan kifin ado a kwalba. Wani yaro ma yana da nasa, ja, kuma yana ji da shi.

Sai dai kifin maƙwabcinsa Galih ya fi kyau. Shuɗi ne, jelarsa baza-baza. Kullum yara suna kewaye da kwalbar Galih. Abin yana ci wa yaron rai.

"Kifi kamar tsumma, shi ake wa wannan kallo?" in ji shi. Ko kula shi ba su yi ba.

Galih yakan sa busasshen ganyen wata bishiya da ake kira ketapang a ruwan kifinsa, har ruwan ya koma kamar shayi. Malamarsu ta makaranta, Malama Lastri, ta taɓa cewa ganyen yana ba ruwa ɗan tsami, irin wanda kifin yake so.

"Ɗan tsami kawai?" yaron ya ce a ransa. "Nawa sai ya ninka nasa!"

Ya ɗauko lemun tsamin da mamarsa ta ajiye don miyar barkono, ya matse shi tas a kwalbar jan kifinsa.

Kifin ya fara zabura. Can sai ya kwanta ta gefe, yana buɗe baki da ƙyar.

"Mama, zai mutu!"

"Kai, me ka zuba masa? Maza kira Galih!"

Galih kuwa? Kunya ta kama shi, amma ya ruga.

Galih bai yi masa dariya ba. Ya zo da ruwan kifinsa, ya sa jan kifin a ciki a hankali. Suka tsuguna suna jira. Da ƙyar jelar ta motsa.

Washegari yaron ya kai wa Malama tsohon ruwan. Ta tsoma takardar gwajin tsami, takardar ta fito ja wur.

"Ka gani? Ganye yana sakin tsaminsa kaɗan-kaɗan. Lemu kuwa ya watsa nasa gaba ɗaya, ya ƙona inda kifin yake numfashi. Me ya kai ka?"

Ya sunkuyar da kai. "So nake ya fi na Galih."

"To, hassada ta kusa raba ka da naka. Wanda ya fi ka, tambayarsa ake yi."

Da yamma Galih ya kawo masa ganye. Jan kifin yana ta iyo. Yaron ya dube shi da kyau, sai ya ga ashe tun can kyakkyawa ne.