Karan Awon Gide

A shekara ta bakwai ta sarautar Magaji Harisu, da kaka, gero na tsaye a gona, mahara suka kewaye wani gari mai ganuwa a duwatsun da ke tsakanin Faskari da Ƙanƙara. Sunan garin ya kuɓuce mini. Kakana ya faɗa mini, na riƙe shi shekara saba'in, bana na nema na rasa.

Ran kwana tara aka iske ƙofar yamma a buɗe. An kori maharan, amma ɗan Sarkin Yaƙi Mani ya faɗi matacce a bakin ƙofar. Mai tsaronta, Gide, aka kamo. Ya rantse bai buɗe ba, babu kuma wanda ya gani.

Mani ya faɗi gaban Magaji ya ce, "Allah shi ba ka nasara, jininsa nake so."

Magaji ya dubi Mani. Sannan ya ce, "An ba ka. Amma ka san al'adar gidan nan."

Al'adar kuwa ita ce, wanda ya nemi ran mutum shi zai auna shi da kara, kamar yadda ake auna mamaci, ya gina kabarin da hannunsa kafin Hauni, mai sare kan masu laifi, ya zare takobi. Bawa ba ya taya shi.

Mani bai yanko sabon kara ba. Wanda ya auna ɗansa da shi jiya ya ɗauko, don a ji zafi. Aka tsai da Gide a ƙofar fada. Karan ya riƙa zamewa daga hannun Mani. Sai Gide ya sa yatsa ya dafe kan karan a goshinsa.

Ya ce, "Riƙe ƙasan, Baba, kada shi yi maka gajere ka sake wahala."

Karan ya zo daidai, babu ragi babu ƙari.

Kwana biyu Mani yana saran marmara, Hauni na zaune gefe yana jira. Ya shiga ramin, ya fito, ya sake shiga. A rana ta uku ya zo fada da ƙasa har gira, ya karya karan, ya aje gaban Magaji.

"Na riga na binne wannan tsawon sau ɗaya. Ba ni iya na biyu."

Aka haɗa Gide da ayarin fatake, bai sake dawowa ba. Ko shi ya buɗe ƙofar? Har yau ba a sani ba. Ramin dai an cike shi babu kowa ciki.

Makon jiya a wata kasuwa na ji matasa na ihu a kan wani da aka kama, "A kashe shi!" Na tsaya ina dube-dube. Ga karan dawa tuli a gefen hanya. Babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.