Kujerar Ɗan Wasa Na Biyu

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufin. Tela bai ko ɗaga kai ba. Ya rufe shago ya dawo gida, yana zaune gaban tsohuwar kwamfutarsa, hankalinsa duk yana kan wani wasa na gina birni da tara rundunar yaƙi.

Tela mutum ne mai son nasara, amma ba ya son wahalarta. A farkon wasan akwai wurin zaɓi: ko ka kara da na'ura, ko ka kara da mutum. Shi sai ya zaɓi mutum, alhali babu kowa a kujerar da ke gefensa. Ta haka abokin gaba ba ya motsi, sai ya gina ganuwarsa a tsanake, ya je ya ci garin da ko kare bai yi masa haushi ba. Matarsa takan ce, "Wannan ai dambe kake yi da matashin kai." Shi kuwa sai ya bubbuga kujerar yana dariya, ya ce, "Wanda ya isa ya zo ya zauna." Kuma kullum da almuru yake faɗin haka.

Ran nan sai sojojin ɗaya ɓangaren suka motsa. Ya ɗauka na'urar ce ta rikice. Suka zagayo ta bayan kogi, suka ƙone masa gonaki. Da ya ga za a ci shi, sai ya koma inda ya ajiye wasan jiya, ya sake farawa daga can. Haka ya yi ta yi har mako uku, sannan aka fara jifan.

Da yamma ta yi sai duwatsu su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, a fita a duba babu kowa. Daga baya aka riƙa jin numfashi a bayan labule. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha huɗu, ta daina cin abinci, ta daina magana. Sai a same ta zaune a kujerar nan, idanu a kafe, yatsunta suna motsi a kan cinyarta. A kwana na biyar ta rame har wuyanta ya fito, tsoro ya kama Tela, ya je ya ɗauko malamin da ke yi wa mutane ruƙiya.

Malam dattijo ne siriri, marar gaggawa. Ya zauna ya daɗe yana karatu, ɗakin ya yi tsit. Can Auta ta ɗago kai, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka, Malam."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta ya kira ni, na zo na zauna. Sau ashirin da ɗaya ina isa ƙofar birninsa, sau ashirin da ɗaya yana mayar da ni jiya. Tunda ba ya kunyar kujera, na ce bari in zauna masa a jikin wanda zai ji kunya."

Malam ya ce wa mai muryar ya fita daga jikinta. Muryar ta ce sai an yi wasa ɗaya, a mataki mafi wuya, har ƙarshe. "In ubanta ya taɓa maɓallin komawa baya, ni da ita mun zauna ke nan."

"Ko ka ci ko a ci ka, za ka fita?"

"Ko na ci ko a ci ni."

Malam ya dubi Tela. "Kai ka buɗe ƙofar nan, kai za ka rufe ta."

Aka kunna. Auta ta ɗora siraran hannayenta a kan maɓallan. Tela ya yi wasan da bai taɓa yi ba: ya ɓoye maharba a daji, ya karya gada, ya bar ƙauye guda aka ci domin ya tsira da biyu. Gumi ya jiƙe masa riga. Duk da haka, da duhu ya fara shiga, ganuwarsa ta faɗi. Yatsansa ya nufi maɓallin nan da kansa, kamar yadda ya saba.

"Baban Auta," in ji matarsa a hankali.

Ya janye hannun, ya danne shi a ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna yana kallo har birnin ya ƙone ƙurmus. Auta ta yi atishawa sau uku, ta dubi uwarta ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Tela ya raka Malam bakin ƙofa yana ta godiya. Malam ya tsaya yana sa takalmi, bai dube shi ba.

"Na kalli fuskarka kana wasan. Da tsoro ka fara, amma ba da shi ka ƙare ba."

Kunya ta rufe Tela, domin gaskiya ne. Tunda yake bai taɓa jin daɗin wasa irin na yau ba, har akwai lokacin da ya manta wadda ke zaune a gefensa.

"Ka fitar da na'urar nan daga gidanka yau, kada ta kwana," in ji Malam. "Abin da na gani a fuskarka, wanda ya zauna a kujerar nan shi ma ya gani."