Albasa ta Bakwai

"Shida?!"

Nevena ta sake bin furannin da ke hannun Momchil da yatsa, ko idonta ne ya yi mata ƙarya. Shida ne dai. Shuɗayen furannin zumbul ne masu kyau, ƙamshinsu ya cika bakin ƙofar gidan.

"Ina na bakwai?"

"Bai fito ba..."

"Kamar yaya bai fito ba? Momchil, ka dube ni! Fure shida za ka miƙa wa Baba ranar da ka zo neman aurena? Gidanmu ya yi maka kama da makabarta?"

Kowa a ƙauyen ya san wannan tun yana tatata. Mai rai ana ba shi fure uku, ko biyar, ko bakwai. Adadin da ya rabu gida biyu daidai kuwa, kabari ake kai wa.

"Na sani, masoyiyata. Tun asuba nake yawo a kasuwar Plovdiv ina neman irinsa in cike. Duk manya ne masu ƙiba, babu siriri irin naku."

"To cire ɗaya, su zama biyar!"

"Bakwai ya ba ni."

Gaskiya ya faɗa.

A watan Oktoba ne Momchil ya fara zuwa gaida mahaifinta, Baba Dimcho. Tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tashi ya yi ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da albasar zumbul bakwai, wato tushen da ake shukawa, a ƙunshin takarda. "Na mahaifiyarta ne," in ji shi. "Ka shuka su, ka dawo mini da furanninsu ƙarshen Maris, sai mu yi magana."

Tun rasuwar Elka, mahaifiyar Nevena, shekara huɗu ke nan, babu wanda ya isa ya tsinki fure ko ɗaya a kwamin da ta bari a bayan gida. Nevena kanta sai dai ta sunsuna ta wuce. Ita kaɗai ce 'yarsa, kuma ta daɗe da gaya wa Momchil cewa ba za ta bar tsohon nan ba sai da yardarsa, komai son da take yi masa. Shi kuwa Momchil makanikin jirgin ƙasa ne. Ba shi inji ya kwance maka shi ido rufe, amma ko barkono bai taɓa shukawa ba. Duk tsawon hunturu yana fita bayan gidan mahaifiyarsa, inda ya shuka su, yana leƙen dusar ƙanƙara, har maƙwabta suka fara tambaya ko zinariya ya binne.

"Na ce maka zurfin tafin hannu," in ji Nevena. "Na ce kada ruwa ya kwanta musu..."

"Duk na yi."

"To me ya faru?"

Bai kai ga amsawa ba ƙofa ta buɗe. Goggo Radka ce, ƙanwar Baba Dimcho, hannunta duk gari.

"Ku za ku tsaya a nan har gurasar banitsa ta huce? Shigo, ɗan samari, shi..." Idonta ya sauka kan furannin. Leɓenta ya motsa tana ƙirgawa. Ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Wa ya mutu?"

"Goggo, don Allah a hankali!"

"A hankali? Ɗan'uwana yana shan maganin hawan jini, wannan yaro ya zo masa da..."

"Radka, bar su su shigo."

Muryar Baba Dimcho ce daga ciki.

Yana zaune a bakin tebur cikin rigar da ba ya sakawa sai ranar coci. Momchil ya gaishe shi, ya ajiye furannin a gabansa da hannu biyu. Tsohon ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙirga da baki ba, amma Nevena ta ga fuskarsa ta ɗaure.

"Nawa na ba ka?"

"Bakwai, Baba."

"Nawa ka kawo?"

"Shida."

"Ka san wa ake kai wa shida?"

"Na sani. Ku yi haƙuri. Na so in cire ɗaya, na so in sayo ɗaya, sai na ga duka biyun ƙarya ce zan yi muku."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici, ya warware a kan tebur.

"Jiya na tona wurin. Ga ta nan. Ashe a kife na binne ta, kanta a ƙasa, gindinta a sama. Wallahi ita kaɗai ce na kasa gane ina ne tsininta..."

Nevena ta rufe fuska da tafin hannu. Ta cikin yatsu ta hango albasar. Tsiron ya fara nufar ƙasa, sannan ya lanƙwasa ya kewayo gefenta ya juyo sama, fari fat don bai taɓa ganin rana ba.

Baba Dimcho ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya miƙe, ya zari wuƙar da aka ajiye don yanka banitsa, ya fice ta ƙofar baya.

"Shi ke nan," in ji Goggo Radka. "Ka sa shi kuka."

Hawaye suka ɓalle wa Nevena. "Ka gani ko? Da ka saurare ni!"

"Ki yafe mini, farin cikina. Ko shekara nawa ya ce in ƙara, zan jira."

"Ni ce ba zan iya jira ba!" Ta fashe da kuka, ta bi bayan mahaifinta da gudu.

A bakin kwamin mahaifiyarta ta same shi a durƙushe. Ta tsaya cak. Ashe dariya yake yi, dariya har da hawaye.

"Baba...?"

"Goma sha biyar, Nevena," in ji shi yana goge ido da bayan hannu. "Shekarar da na auri uwarki ta ba ni goma sha biyar in shuka mata. Dukansu na kife! Ko ɗaya ban bari ba. Sati guda ta yi ba ta yi mini magana ba, daga baya kuma shekara talatin tana ba baƙi labari."

Momchil da Goggo sun iso suna tsaye a bayanta.

"Wannan shi ɗaya kawai ya kife," in ji tsohon. "Ya fi ni hankali. Kuma bai ɓoye ba."

Sai ya kai wuƙar gindin zumbul mafi tsawo a kwamin, ya yanke.

Goggo Radka ta toshe baki. Shekara huɗu ba a taɓa kwamin nan ba!

Ya tona ƙaramin rami a gefen inda ya yanka, ya zaunar da albasar Momchil, tsiron yana kallon sama, ya mayar da ƙasa ya danna da tafi.

"Ta sha wahala, bana ba za ta yi fure ba. Baɗi za ta yi. Sai ka riƙa zuwa kana duba ta, tunda taka ce."

"Kowace Lahadi, Baba."

"Da matarka."

"Da... Baba, kun ce...?"

"Kurma ne kuma? Radka, yaron nan kurma ne?"

Nevena ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya, ƙasar hannunsa duk ta ɓata mata riga, ko a jikinta. Wani nauyi da ta ɗauka tun Oktoba ta ji ya sauka.

Da suka koma ciki, Baba Dimcho ya ajiye furen a gefen shidan. Nevena ta kwance zaren ja da fari na maraba da ƙarewar hunturu da ke wuyan hannunta tun ranar ɗaya ga Maris, ta ɗaure su wuri guda. Goggo Radka ta matso ta ƙirga da ƙarfi, ta kuma ƙirgawa don ta tabbata.

"Bakwai," in ji ta, ta sauke ajiyar zuciya.

Tsohon ya tura wa Momchil furannin.

"Tashi ka ba ta da hannunka. Shida naka ne. Na bakwai ɗin, uwarta ce ta cike maka."